Borin Jini Mai Shaƙe Numfashi

Daga cikin al'ajaban da Allah Maɗaukaki ya kimsa a jikin ɗan Adam akwai runduna mai tsare shi daga cututtuka. Sai dai a jikin waɗansu bayin Allah rundunar nan takan kuskure maƙiyi, ta ɗauki gyaɗa, ko kifi, ko ƙwai, ko allurar fenisilin, ko dafin zuma da rina a matsayin abokin gaba, ta tayar da fitinar da ke iya halaka mai jikin. Mukan ce borin jini ne, mu shafa man ja mu jira ya lafa, alhali kuwa akwai nau'insa mai tsanani da likitoci ke kira anafilaksis, sunan da Charles Richet da Paul Portier, malaman Faransa, suka raɗa masa a 1902, bayan sun ga karen da ya jure dafin wata halittar teku a karon farko ya mutu cikin ɗan lokaci da aka sake ba shi ɗan kaɗan.

A nan darasin yake: wanda leɓensa ya taɓa kumbura don ya sha kunun gyaɗa, ko jikinsa ya yi rudu-rudu bayan allura, to, an yi masa gargaɗi, kuma wajibi ne ya je asibiti a tantance sababin, domin na gaba la'alla ya zo da shaƙewar maƙogwaro, da dusashewar murya, da jiri, da suma.

Sanin sababi kuwa ba shi da fa'ida in ba a furta shi ba, kuma a nan ne kunya da kara suke cutar da mu. Baƙo ya zauna, an ajiye masa tuwo da miyar taushe, ya san da gyaɗa a ciki, amma nauyin mai gida ya hana shi magana, sai ya ce bari ya ɗan taɓa. Alhali wannan lalura ba ta san kaɗan ba. Yajin tsire ma da ƙuliƙuli ake haɗa shi, kilishi kuwa a labu ake tsoma shi, kuma wuƙar mai nama ɗaya ce. Haka nan wanda wani magani ya taɓa yi wa illa, ya rubuta sunan maganin a takarda ya riƙe a aljihu, ya faɗa wa likita da mai kemis tun kafin su tambaya, don ba kowa ke tambaya ba.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, babu abin da ke tare wannan fitina sai allurar adirenalin a tsokar gefen cinya, a maimaita bayan minti 5 in ba sauƙi. Ƙwayar Piriton ƙaiƙayi kawai take ragewa, ba ta buɗe maƙogwaro. A kwantar da majinyaci a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi masa wuya a jingina shi zaune, kada a miƙar da shi tsaye, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin abin yakan dawo bayan sa'o'i.