Gyaran bututun birki a gida: bakin da ake yi wa bututun AC ba ya aiki a mota

Da yawa daga cikin motoci na hannu da ake shigo da su daga Amurka, Kanada da Turai sun sha gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara. Fenti yana ƙyalli, amma a ƙarƙashi tsatsa ta ci siraran bututun ƙarfen da ke kai man birki zuwa tayoyi. Ranar da ɗaya ya huje, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta zarce ƙasa.

A bidiyoyin YouTube gyaran kamar wasa ne: a yanko sabon bututu, a buɗa bakinsa, a ɗaura. Na'urar buɗa bakin ma ba wata aba ce mai wuya ba. Ƙarfe biyu ne masu ramuka da ke matse bututun, sai wani mai tsini da ake murɗawa ya danna bakin. Masu gyaran firji da AC suna da irinta, kuma a nan tarkon yake.

Bakin da suke yi falle ɗaya ne, ƙarfen ya baje kamar bakin kakaki, gefensa ya yi siriri. Matsin man birki kuwa yana wuce psi 1,000 idan aka taka da ƙarfi, ga girgizar hanya kullum, don haka irin wannan baki tsagewa yake yi. Bututun jan ƙarfe zalla na AC shi ma bai dace ba, girgiza tana sa ya taurare ya karye. Ƙarfe ake sa wa, ko gamin jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa kuma ba ya tsatsa. Kaurin da ya fi yawa shi ne inci 3/16, wato milimita 4.75.

Baki iri biyu ake yi wa birki. Toyota, Honda da yawancin motocin Amurka suna amfani da mai ninki biyu, wanda ake rubuta wa SAE a jikin kwali. Na Turai irin su Mercedes, Volkswagen da Peugeot suna amfani da mai kumburi kamar maɓallin riga, wato DIN. Notin wani yana iya shiga ramin wani har ya ɗauru, amma mai zai yi yoyo. Tsohon bututun ne zai nuna wanda ake buƙata, kuma gara a ɗauki hotonsa da waya kafin a kwance.

Wajen yin mai ninki biyu, da abin yanka bututu mai ƙaramar taya ake yankewa, ba da zarto ba, sannan a kankare kaifin ciki da waje. A zura noti tukuna. Wanda ya manta sai ya sake yanka. Ana matse bututun ya leƙo daidai kaurin kafaɗar ɗan maɓallin da ke zuwa da na'urar, a sa maɓallin a danna har bakin ya kumbura, a cire shi, a sake dannawa da mai tsinin don gefen ya naɗe ciki. Ɗigon man birki ake shafawa, ban da man inji, domin yana lalata robobin birki. Bakin da ya karkace ko ya tsage, yanke shi ake yi. Ya kamata a gwada sau da yawa a kan guntaye kafin a taɓa na mota.

Bayan an ɗaura sai a fitar da iska, a cika da man da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4. Daga nan wani ya danne birki da ƙarfi na rabin minti, wani ya leƙa mahaɗar da fitila. Idan birkin yana sauka a hankali ko an ga danshi, motar ba za ta hau titi ba sai makanike ya duba ta.