Gimi: Ƙauyen da Ya Koya Mana Mazarƙwaila

Mu da muka tashi a Likoro mun san ƙanshin rake a kan wuta tun muna yara. Da kaka ta wuce, sai a ga hayaƙi yana tashi a bakin fadamu, ana dafa mazarƙwaila. Amma kwanan baya muka tambayi 'yan ajinmu inda sana'ar nan ta fito, ba wanda ya sani. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta.

Gimi maƙwabciyarmu ce, a ƙasar Makarfi. Ita da Likoro suna kan hanyar jirgin ƙasa ɗaya, wadda ta kai Kano a 1911. Wajen 1913 waɗansu mutane da ake kira Isawa suka taru a can. Su mabiyan Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano a zamanin Sarki Abdullahi saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Bayan rasuwarsa suka warwatsu, har waɗansunsu suka sadu da Dokta Miller na mishan ɗin C.M.S. a Zariya. Suka sami wurin zama a Gimi, suka share gonaki, suka gina ɗakin sujada.

Malaminsu Rabaran Thompson ne, baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, inda rake ne abin noma. Asalin rake kuwa tsibirin Sabuwar Gini ne, can cikin tekun Fasifik. Kakanninmu sun san shan rake, amma shi ya nuna musu injin matsewa wanda doki yake zagayawa da shi. A tara ruwan, a dafa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare.

Amma rafin da ya ba su rake, shi ne ya ɓoye ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, mutane da yawa suka mutu. Waɗanda suka ragu suka tashi zuwa Zariya, daga baya zuriyarsu ta zauna a Wusasa, inda mishan ya koma a 1929. Sai a shekarun 1930 da 1940 gwamnati ta yi babban aikin sare kurmin bakin rafuka a ƙasar Anchau, ta gina sabon gari, Takalafiya.

Mutanen sun tafi, sana'ar ta zauna. Yau Musulmi da Kirista a Kudan, da Makarfi, da Ikara suna ciyar da iyali, suna biyan kuɗin makaranta da ita.

Iyaye, tsofaffin da suka ji labarin nan daga bakin iyayensu suna ƙarewa. In akwai irinsu a gidanku, ku zaunar da yara kusa da su da dare, a ba ɗaya littafi da biro ya rubuta abin da suka faɗa.