Daga Uhudu zuwa zango: yadda ake rainon lauyan filaye

Alhazanmu idan sun je Madina sukan ziyarci Uhudu, dutsen da ke arewacin gari, su yi wa Sayyidina Hamza da sauran shahidai sallama. Kaɗan ne a cikinmu ke tuna cewa yaƙin da aka yi a wurin, a shekara ta 3 bayan Hijira, ya bar rigimar gado a bayansa.

Sa'adu bin Rabi'u na cikin waɗanda suka yi shahada. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, sai ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka, kamar yadda aka saba a Jahiliyya. Matar ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW), ayar gado ta cikin Suratun Nisa'i ta sauka. Aka ba 'ya'yan kashi biyu bisa uku, matar ɗaya bisa takwas, baffan ya ɗauki saura. Idan aka kasa dukiyar gida 24, 'ya'ya 16, mata 3, baffa 5.

Malaman tarihi sun ce ɗaya daga cikin marayun nan, Ummu Sa'adu, ita ta auri Zaidu bin Sabit, wanda ya fi sahabbai sanin ilimin gado. Ɗansu Kharija ya tashi a gaban mahaifinsa har ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman fikihu bakwai na Madina. An ruwaito cewa shi da Ɗalha bin Abdullahi bin Aufu su ke raba wa mutanen gari gadon gidaje da gonakin dabino, su kuma rubuta musu takardun shaida. Aikin lauyan filaye ke nan, kuma a hannun babba aka koye shi.

Har yau haka dokoki suka tsara. A Saudiyya, dokar aikin lauya ta 2001 ba ta ba mai digirin shari'a lasisi sai ya yi shekaru yana koyon aiki, kuma 'yan ƙasa ake ba. A Gana, dokar 1960 ta ce sabon lauya sai ya yi aƙalla wata shida a ofishin lauyan da ya shekara bakwai yana aiki, kafin ya samu lasisin kansa.

A ganinmu wata shida bai isa ba ga mai son harkar filaye, musamman filayen zango. Yawancin unguwanninmu sarakunan gargajiya ne suka ba kakanninmu wurin zama, sau da yawa da baki kawai, a gaban shaidun da yanzu duk sun rasu. Gida ɗaya a Nima ko Sabon Zango sai ka tarar magada talatin, wasu na Kumasi, wasu na Jamus. Littafi zai gaya wa yaro abin da Dokar Filaye ta 2020 ta ce. Amma yadda ake binciken fili a Hukumar Filaye, yadda ake gane an sayar wa mutum biyu fuloti ɗaya, da yadda ake durƙusa wa sarki a yi masa tambaya mai nauyi ba tare da an ɓata masa rai ba, sai ya bi maigidansa ya gani da idonsa. Akwai kuma tarkon da ke kama mutanenmu da yawa: tsarin mulkin 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe fili fiye da shekara 50 a karo guda ba. Wanda takardar zama ɗan ƙasarsa ba ta daidaita ba, cinikinsa na cikin haɗari tun kafin ya biya.

Ga kuma gado. Dokar 1985 ta wanda ya rasu bai bar wasiyya ba tana da nata rabon, wanda ya saɓa wa na Musulunci, kuma ba ta duba addinin mamaci. Shi ya sa matashinmu ke buƙatar iyayen gida biyu: tsohon lauya da malamin fara'ili. Wanda ya san ɗaya ya bar ɗaya, ko dai kotu ta rushe rabonsa, ko dangi su ƙi shi.

Mu iyaye, inda muka fi cutar da yaran nan shi ne gaggawa. Ranar da ya sa baƙar riga muke fara jiran kuɗin cefane, har mu tura masa shari'ar dangi kyauta, alhali albashin mai koyon aiki da ƙyar yake biyan kuɗin mota. Dattijon da ya san wani tsohon lauya, ya kama hannun yaron ya kai shi, kamar yadda ake kai almajiri wurin malam. Kafin a kai shi a bincika: mutumin yana zuwa kotu da yaransa? Yana barinsu su rubuta yarjejeniya ya gyara musu, ko ɗaukar jaka kawai suke yi? Kwamitocin masallatai kuma su fito da takardun filayen masallaci da makabarta, su ba matashin ya duba ƙarƙashin kulawar maigidansa, a biya shi ko da kaɗan ne.