Motoci masu haɗa fetur da lantarki: shin giyarsu na da ƙarko?

Motoci masu aiki da fetur da batir a haɗe sun fara shigowa cikin na hannu da ake saukewa a tashoshin Kwatano, Lome da Duwala. Sai dai masu saye da dama na ɗari-ɗari da su, don gudun kada giyabos, wato "bwat" a bakin makanikai, ta mutu a rasa mai gyara.

Gaskiyar magana, giyar ba iri ɗaya ba ce. Ta Toyota Prius, motar da ta fara fitowa a Japan a 1997, ba ta da bel ko kuloci irin na sauya giya. Wasu haƙoran ƙarfe ne ke raba aiki tsakanin injin fetur da injinan lantarki biyu. Kayan da ke cinyewa kaɗan ne, shi ya sa ba kasafai take lalacewa ba. Tsofaffin Honda Civic Hybrid masu otomatik kuwa bel na ƙarfe gare su, Hyundai Ioniq da Kia Niro kuma kuloci biyu, waɗanda ke ɗaukar zafi a cunkoso.

Ko mai ƙarkon ma tana da abokan gaba. Na farko man da bai dace ba: Prius daga samfurin 2004 zuwa na 2022 na buƙatar ATF WS. Na biyu zafi, idan famfon ruwan da ke sanyaya na'urorin lantarki ya tsaya. Na uku jan mota da igiya, domin tayoyin gaba na juya injin lantarki ko da motar a kashe take. Idan ta mutu a hanya, a ɗora ta kan babbar mota.

Kafin a biya kuɗi, a tambayi irin giyar, a kuma sa makanike ya duba motar da kwamfuta.