Tsirkiya Huɗu, Gardama Dubu: Abubuwan Mamaki Kan Jitar Bes

A Kano, gunjin da ke ƙasan waƙar fim yawanci daga fiyano yake fitowa, ko daga kwamfuta. Mai son ganin jitar bes ta gaske rataye a kafaɗar mutum, ya nufi Kudancin Kaduna ranar Lahadi. Daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, da wuya ka shiga babbar majami'a ba ka tarar da saurayi a bayan mawaƙa, kusa da mai ganga, rungume da doguwar jita ba. Kafanchan dai tun da ta zama mahaɗar layin dogo a shekarun 1920 take karɓar baƙi da kiɗansu, daga Fatakwal, Inugu da Jos. Da an tashi sujada kuwa sai gardama: wacce ce ta gaske, wacce ce jabu, wa ya fi wa hannu. Ga ɗan abin da zai ƙara wa gardamar gishiri.

Tulu ya riga bes shiga coci. Wanda ya taɓa ganin Zumuntar Mata na waƙa ya san shi: babban tulu, mace ta sa shi a gaba tana dukan bakinsa da faffaɗan soso. Iskar da ke cikinsa ke yin wannan gunji da ƙirji ke ji kafin kunne, shi ke riƙe da ƙafar masu rawa yayin da ganga da kacau-kacau ke surutunsu a sama. Aikin bes ke nan, babu ragi babu ƙari. A ganina yaron da ya tashi yana jin iyaye mata suna dukan tulu ya riga ya ci rabin karatun, domin ya san inda ake bugawa, ya kuma san inda ake ɗaga hannu. Na biyun shi ne samarin yanzu suka fi rasawa.

Leo Fender, wanda sunansa ke kan jitar da kowa ke mafarki, bai iya kaɗa jita ba. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. A 1951 ya fito da Precision Bass, a 1960 ya biyo da Jazz Bass, kuma har gobe yawancin abin da ake ƙerawa kwaikwayon waɗannan biyun ne. Ba shi ya fara ba. Wani Paul Tutmarc na birnin Seattle ya yi tasa tun wajen 1936, amma kamar guda ɗari aka yi, kasuwa ta ƙi karɓa. Inda Fender ya sha gabansa shi ne tunanin bakanike: gangar jiki daban, wuya daban, a haɗa da sukurori huɗu, in wuyan ya lalace a kwance a ɗaura wani. A 1965 ya sayar wa CBS kamfanin a kan dala miliyan 13.

Wannan sauƙin ƙira shi ya buɗe wa 'yan jabu ƙofa. Sunan da ke kan jita tambari ne kawai, kowa na iya manna shi, kuma kaya daga Alaba ta Legas sukan iso Arewa ɗauke da sunayen da ba su cancanta ba. Idan aka ce maka sabuwar Fender ce 'yar Amurka amma kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar hannu ba, to ka san da walakin goro a miya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Fender da kansa yana da ƙaramin suna na masu ƙaramin ƙarfi, Squier, tun 1982. Kamfanin Cort kuma, wanda wasu ke yi wa kallon raini, masana'antarsa ta Indunusiya tana ƙera wa manyan sunaye kayansu, a liƙa tambarinsu a tsawwala farashi. Sire mai ɗauke da sunan mai bes Marcus Miller ita ma daga Indunusiya take fitowa. Da a ce ni ke riƙe da asusun matasan ikilisiya, Yamaha, Ibanez, Cort ko Squier ta gwanjo mai lafiyayyen wuya zan saya, in zuba ragowar kuɗin a amfilifaya. Gara mai faɗin sunanta na gaskiya.

Wuyan kuwa shi ne komai. Tsirkiyoyi huɗun nan suna jan sa da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, wato nauyin buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli. A nan ne yanayin Kudancin Kaduna ke shigowa. Damina a gindin duwatsun Kagoro tana da tsawo da laima, katako ya sha ya kumbura. Hunturu ya zo ya tsotse shi, ya tsuke, sai ka ji bakin ƙananan ƙarafunan wuya sun fito suna yankar yatsa, tsirkiya ko ta yi sama ta gagari dannawa ko ta kwanta tana kurman kuka. Kuma daidai lokacin ne aiki ya fi yawa: Kirsimeti, bukukuwan aure, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Jitoci da yawa da aka yanke wa hukuncin "ba ta da kyau" ba abin da suke nema sai a juya wannan sanda kwata ɗaya, a bar ta ta kwana. Kwata ɗaya na ce. Masu gaggawa sun karya da yawa.

Katakon ma ba baƙo ba ne. Kamfanin Warwick na Jamus, wanda kayansa ke cikin masu tsada, yana yin gangar jikin Streamer Stage II da itacen dangin kawo. Wenge da bubinga da ake yabo a wuyan manyan jitoci daga dazukan Kamaru, Gabon da Kwango ake saro su. Katakon da kamfanoni ke tallatawa a matsayin mahogani na Afirka ɗan'uwan maɗaci ne. Gungume ya fita da araha, ya dawo da fenti da tsirkiya a kan kuɗin fili.

Wayarka ba ta iya fitar da muryar bes. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar a jita mai biyar kuwa sau 31, kuma 'yar lasifikar waya ba ta kai can ƙasa ba. Abin da kake ji 'ya'yan sautin ne na sama, ƙwaƙwalwa ke cike sauran. Don haka wanda ya yanke wa jita hukunci daga bidiyon WhatsApp bai ji ta ba tukuna. Tsawon igiyar wannan sauti a iska ya haura mita 8, shi ya sa a majami'a mai bangon siminti da rufin kwano na kusurwa ke kukan bes ta yi yawa, na tsakiya na cewa ba a kunna ta ba. Dukansu gaskiya suke faɗa.

Wanda wuta ta taɓa ja a leɓe yana riƙe da jita ya kusanci makirufo, ba aljani ba ne. Tsirkiyoyin haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya, idan kuwa janareta ko ginin ba shi da wayar ƙasa mai kyau, jikin mai kiɗa ne ke zama hanya. A kira mai gyaran wuta, kada a mai da abin wasa. Mai jita mai batir kuma ya zare igiya in ya gama, domin muddin tana soke batirin na ci.

Sabuwar tsirkiya tsada gare ta, shi ya sa masu bes a duniya suka daɗe suna tafasa tsohuwa a tukunya: gumi da dauɗa su fita, murya ta dawo na 'yan makonni. James Jamerson na kamfanin Motown a Detroit da ya ga haka dariya zai yi. Shi ba ya canja tsirkiya sai ta tsinke, ba ya goge wuyan jita, kuma da yatsa ɗaya tak yake kaɗawa. Wuyan Precision ɗinsa ta 1962 ya lanƙwashe har wasu suka ce ba ta kaɗuwa. Da ita ya yi ɗimbin waƙoƙin Marvin Gaye, Stevie Wonder da Supremes, ba tare da ana rubuta sunansa a bayan faifai ba sai daga baya. Aka sace ta dab da rasuwarsa a 1983, har yau shiru.

Ɓarayi dai da bes kamar an haɗa su. Jaco Pastorius ya ciccire ƙarafunan wuyan Jazz Bass ɗinsa, ya cike ramukan, ya shafe da irin gam ɗin da ake shafa wa jirgin ruwa, ya sami muryar da kowa ya dawo yana kwaikwayo. Aka ɗauke ta a wani lambu a New York a 1986, sai bayan kimanin shekara ashirin ta ɓulla, Robert Trujillo na Metallica ya sa kuɗinsa aka karɓo ta. Paul McCartney ya sayi Höfner ɗinsa a Hamburg a 1961 a kan kusan fam 30, saboda Fender ta fi ƙarfin aljihunsa, kuma shi bahago ne, wannan ko ta ina aka juya ta fasalinta ɗaya. Aka fasa mota a Landan a 1972 aka tafi da ita. A Fabrairun 2024 aka sanar an same ta a ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufin wani gida a kudancin Ingila. Tsakanin nan, a 1973, ya zo Legas ɗaukar faifan Band on the Run, 'yan fashi suka tare shi da wuƙa suka karɓe kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa, ga mawaƙi Fela na zarginsa da zuwa satar kiɗan Afirka.

Ga kuma farashin irin waɗannan jitoci a gwanjo: Fender Mustang ta Bill Wyman na Rolling Stones, gajeriyar jita da aka ƙera don ɗalibai da masu ƙaramin hannu, ta tashi dala 384,000 a 2020. A Disambar 2021 wata Yamaha ta McCartney ta kusa dala dubu 500. Yamaha fa, irin sunan da ke kan babur.

Kafin McCartney, mai bes Bootsy Collins yana ɗan shekara 19 ya zo Legas tare da James Brown a Disambar 1970, ya je gidan rawar Fela, ya koma gida yana ba da labarin abin da kunnensa ya ji.

Dukan tsirkiya da babban yatsa, wanda samari ke ƙure sujada da shi har mai wa'azi ya ɗaga kai, Larry Graham ne ya shahara da ƙirƙiro shi, kuma dole ce ta sa: yana kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga, sai ya mai da babban yatsa babbar ganga, ɗan ali ƙarama. Amma 'yan Gnawa na Maroko, jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka ta Yamma har da ƙasar Hausa, sun daɗe suna yin haka a kan gimbiri, mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, 'yar'uwar garaya da molo. Hannu ɗaya ke dukan tsirkiya da fata a tare. Marcus Miller ya ɗauki gimbiri ya sa a faifansa Afrodeezia na 2015.

Maƙwabciyarmu Kamaru ce ƙasar da ta fi ba duniya mamaki a wannan fanni: Jean Dikoto Mandengue, Vicky Edimo, Armand Sabal-Lecco, Etienne Mbappé, Richard Bona. Shi Bona jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, wayar birkin keke ce tsirkiyar. A Afirka ta Kudu, Bakithi Kumalo da wata Washburn mai araha ya yi faifan Graceland na Paul Simon a 1986, kuma wannan gajeren gudu na waƙar You Can Call Me Al da yara ke wahalar koyo, rabinsa na biyu rabin farko ne aka juya tef ɗin baya. A Nijar abin ya juye: mai bes na Mdou Moctar, Mikey Coltun, Ba'amurke ne da ke tasowa daga can ya zo Agadas.

Na ji masu cewa bes ta fi ƙarfin mace. Su nemi labarin Carol Kaye, wadda aka ƙiyasta ta shiga ɗaukar waƙa kusan dubu 10 a Los Angeles. Su kuma sake duban wa ke zaune a bayan tulu.

Idan akwai mutum ɗaya da ya sa samarin coci a Najeriya suka ɗauki bes da muhimmanci, ina zargin Abraham Laboriel ne, ɗan Meziko da ke tsalle da jita a bidiyon Lift Him Up na Ron Kenoly na 1992, kaset ɗin da ya zaga majami'u. Yayin tsirkiya biyar ma yana da dalili: mai fiyano kan sauke waƙa zuwa inda muryar mawaƙa ta fi sakewa, huɗun ba ta kai can ƙasa, ta biyar ke ceto. Sai dai tsirkiya ta biyar a jita mai araha yawanci lagwai take, ta kumbura iska ba ta faɗi komai ba. Kyakkyawar huɗu ta fi ta sau goma.

Aston Barrett, ƙashin bayan kiɗan Bob Marley, bes ɗinsa ta farko da falanki da sandar labule ya haɗa ta. Ya sa wa kansa laƙabin Family Man, wato maigida mai iyali, tun bai haifi ko ɗaya ba. Ya rasu a Fabrairun 2024 ya bar 'ya'ya sama da 40.