Takin Zamani a Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Duk wanda ya san kudancin Katsina ya san daga Ƙanƙara zuwa Faskari, har a gangara Sabuwa, ƙasar noma ce. Tun zamanin En'e a ke auduga a nan, gonar Gwamnati ta Daudawa na fid da iri, injin Funtuwa na gurzawa. A lokacin nan manomi bai damu da takin zamani ba. Takin gida ya ishe shi, ko kuwa ya shirya da Fulani su sauka gonarsa da rani. Malaman gona har lallashi su ke yi a karɓi sufa a zuba wa gyaɗa, mutane na ɗari-ɗari.

Masara ce ta juya al'amarin. A 1975 aka buɗe shirin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, Faskari da Ƙanƙara kuwa suna cikin gundumomin da ya shafa. Aka gina wuraren sayar da taki kusa da ƙauyuka, aka gyara hanyoyi, aka kawo sabon iri. To, masara ba kamar dawa ta ke ba, ba ta jure yunwa. Da ta zama amfanin sayarwa, sai buhun taki ya zama shi ne ran gona.

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta karɓe saye da rabon taki a hannunta, tana biyan mafi yawan kuɗin kowane buhu. Niyyar kyakkyawa ce, amma abu mai araha in ya ratsa hannuwa da yawa ba ya isa gida cikakke. Wani ya ɓulla kasuwa da tsada, wani ya tsallaka iyaka. Aka janye rangwamen a 1997, aka mai do kashi 25 cikin ɗari a 1999. A 2012 aka koma aika wa manomi saƙo ta wayar hannu, ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi, alhali buhu 2 ba su kai ko rabin abin da hekta guda ta masara ke bukata ba. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka yanke wa buhun kamfa naira 5,500, farashin da yanzu ya zama tarihi.

Mu a ganinmu, duk wannan gardama ta kuɗi ta danne abin da ya fi muhimmanci, watau lokaci. Masara tana son kamfa cikin mako 2 bayan shuka, sa'an nan yuriya wajen mako na 5 ko na 6. Wanda ya yi shuka farkon Yuni, in mota ta sauke taki a Agusta, me zai yi da shi? Sai dai ya sayar wa ɗan kasuwa, ya biya bashin wanda ya saya da tsada tun farkon damina. Nan ne rangwamen Gwamnati ya kan zama ribar wani.

Ga kuma sabuwar wahala da magabata ba su sani ba. 'Yan bindiga, waɗanda suka sace 'yan makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020, sun tashi ƙauyuka da dama a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Manomin da ya gudu gari ya ari gona a gefensa, a rajistar wace mazaɓa sunansa ya ke? Sau da yawa ba ya ko ɗaya.

Wannan kuwa aikin akawu ne da malamin makaranta, don su ke riƙe da alƙalami a ƙauye. Lalle a rubuta sunayen manoma tun da rani, a sa mutum a inda ya ke noma bana, a karanta sunayen a ƙofar dagaci kowa na ji. Takin kuma ya kwana a sito tun watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka hanyoyin ƙauye su yanke.