Shin Da Gaske Gani Ya Kori Ji? Yadda Kunne Ke Sa Baki Cikin Abin Da Ido Ya Gani

Duk wanda ya saba cin kasuwar kan iyaka, ko Birnin Ƙonni ce da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Gaya da Malanbil, ya san cewa rabin kasuwar bisa hanya take. Ga manyan motoci sun yi jerin gwano suna jiran ƴan duwan, ga ƴan kabu-kabu suna kutsawa tsakaninsu, ga amalanke, ga mai baro, ga kuma ɗan kasuwa da kaya bisa kai yana neman ƙetarawa. A irin wannan wuri mutum yakan yanke hukunci sau da yawa a yini ba tare da ya lura ba: wancan babur da gudu yake tafe ko a hankali, in ƙetara ko in dakata? In ka tambaye shi da me ya auna, zai ce da idonsa mana, tunda Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Wannan karin magana gaskiya ce matuƙar ana zancen labarin da aka ba ka da wanda ka gane wa idonka. Amma masu binciken yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke aiki sun gano cewa in aka zo batun motsi, ido da kunne tare suke aiki, har ma wani lokaci kunne ne ke yanke wa ido hukuncin abin da ya gani.

Ɗigo biyu da ƙara ɗaya

A shekarar 1997 wasu masana uku, Robert Sekuler da Allison Sekuler da Renee Lau, daga jami'o'in Amurka da Kanada, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar kimiyya mai suna Nature. Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana zaunar da mutum gaban allon kwamfuta, sai a nuna masa ɗigo biyu masu kama ɗaya, guda ya taso daga dama, guda daga hagu. Su haɗu a tsakiya har ɗaya ya rufe ɗaya, sannan su rabu. Da yake kamarsu ɗaya, abin yana iya ɗaukar fassara biyu: ko dai sun ratsa juna kowa ya wuce, ko kuwa sun yi karo kowa ya koma inda ya fito.

Idan ba a sa sauti ba, yawancin mutane sukan ce ratsa juna suka yi. Amma da aka sa wata ƴar gajeriyar ƙara daidai lokacin da suka haɗu, sai masu cewa karo aka yi suka ƙaru ƙwarai. Hoton yana nan yadda yake, ƙarar kaɗai aka ƙara, amma mutane suka ga wani motsi dabam.

Bayan shekara uku, wato a 2000, Ladan Shams da abokan aikinta a Kalifoniya suka nuna wani abu makamancin wannan. In aka haska fitila sau ɗaya tak, aka haɗa da ƙara biyu a jere cikin sauri, mutane da yawa sukan ce sau biyu aka haska ta. Haka kuma a 2009 wasu masana na ƙasar Japan, ciki har da Souta Hidaka, suka nuna wa mutane wani haske da ke ƙyaftawa wuri ɗaya, suka riƙa sa musu sauti a kunnen dama sannan na hagu. Sai mutanen suka ga kamar hasken yana kai da komowa, alhali bai gusa ba. Ruɗin ya fi ƙarfi idan hasken yana can gefen ido. Mai karatu ya riƙe wannan, domin abin hawan da ke banke mutum galibi ta gefen ido yake fara bayyana.

Me ya kawo haka?

Motsi abu biyu ne a haɗe, wuri da lokaci: abu yana nan ɗazu, yanzu yana can. Ido gwani ne wajen sanin wuri, amma yana da ɗan nawa wajen lokaci. Shi ya sa majigi ke ruɗinsa, a nuna masa hotuna 24 a tsaye cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuwa ya ga mutum yana tafiya. Kunne akasin haka ne. Yana iya raba ƙara biyu da tazararsu ba ta wuce ƴan ɓangarori cikin dubu na daƙiƙa ba, amma yakan rikice wajen sanin ainihin inda ƙarar ta fito, musamman tsakanin gaba da baya.

Ita ƙwaƙwalwa kamar dillali take tsakanin mutum biyu, tana karɓar maganar kowa a fannin da ya fi ƙwarewa. In ana tambayar ina, ta fi yarda da ido. Shi ya sa in kana kallon talabijin kake jin kamar maganar daga bakin mai jawabi take fita, alhali daga lasifikar da ke gefe take. In kuwa ana tambayar yaushe, ko sau nawa, sai ta karkata ga kunne. Sannan tana da wata ƙa'ida da ta koya tun mutum yana jariri: in an ga abu kuma an ji ƙara lokaci ɗaya, to tushensu ɗaya. Abubuwa biyu da suka wuce juna ba sa ƙara, waɗanda suka yi karo su ke yi. Yawancin lokaci wannan ƙa'ida tana yi mana amfani, amma wani lokaci takan haɗa abin da bai haɗu ba.

Mota mai shiru da babur mai shiru

A nan ne zancen ya shafi rayuka. A 2008 wasu masana biyu a Ostareliya, Mark Horswill da Annaliese Plooy, suka nuna wa mutane hotunan bidiyo da aka ɗauka daga mazaunin direba. Da suka rage ƙarar motar kaɗan, sai masu kallo suka ɗauka gudun ya ragu, alhali gudun bai canza ba. Direban da ya saba da tsohuwar mota mai kwaramniya, ranar da ya shiga sabuwa ya rufe gilashi ya kunna sanyi, yana iya taka wuta fiye da yadda yake zato. Maganin abin shi ne duba agogon gudu, musamman wajen shiga gari ranar kasuwa.

Mai tafiya ƙasa kuma kunnensa ne ɗan gargaɗinsa. Binciken John Neuhoff na Amurka, tun daga 1998, ya nuna cewa kunne ya fi kula da ƙarar da ke ƙaruwa bisa wadda ke raguwa, kuma mutane sukan ɗauka abin da ke tahowa ya fi kusa da yadda yake a zahiri. Kuskure ne mai amfani, domin yana ba mutum ɗan lokacin kaucewa. Wanda ya toshe kunnuwansa da wayar salula yana ciniki yana ƙetara hanya, ya zubar da wannan rangwame da hannunsa.

Yanzu kuma ga abin hawa mai amfani da lantarki, wanda a ƙaramin gudu kusan ba ya ƙara. Matsalar ta kai har Tarayyar Turai ta wajabta sa wa irin waɗannan motoci na'urar da ke fitar da sauti in suna tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 a awa ba, ko suna ja da baya. Dokar ta fara aiki a 2019 kan sababbin samfura, ta game duk sababbin motocin a 2021. Masu zuwa sarin kaya Kwatano da Lome sun ga yadda babura masu lantarki suka shiga titunan can a ƴan shekarun nan. Ƙaramin gudu kuwa shi ne gudun cikin kasuwa. Wanda ya saba jin babur kafin ya gan shi, dole ya koyi waiwaye.

Shaida a bakin hanya

Akwai wani gefen da ya shafi haƙƙin mutane. Sau da yawa in aka yi haɗari kusa da kasuwa, kafin jandarmomi su iso an riga an yanke hukunci a baki, wani ma ya rantse cewa a kan idonsa wane ya bugi wane. Mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ke nan. Amma a tuna da ɗigo biyun nan. Babura biyu su gifta juna dab da dab, daidai lokacin wani ya saki ƙyauren mota ko buhu ya faɗo, ɗaya daga cikin mahayan ya tsorata ya faɗi. Wanda ke kallo ta gefen ido yana iya ganin karo inda ba a yi ba.

Nisa ma yana da nasa ruɗi. Haske yana isowa nan take, amma sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne cikin daƙiƙa. Kowa ya taɓa hango mace tana daka daga nesa, ya ji saukar taɓarya lokacin da ta riga ta ɗaga ta sama. Haka tsawa take biyo bayan walƙiya, kimanin daƙiƙa 3 ga kowace kilomita. To, mutumin da ke tsaye mita 170 daga wurin haɗari, ƙarar za ta iso masa bayan rabin daƙiƙa. Cikin wannan rabin daƙiƙa, babur mai gudun kilomita 60 a awa ya ci fiye da mita 8. Idan mai shaida ya ce ga daidai inda aka yi karon, domin nan ya ga babur lokacin da ya ji ƙarar, yana iya kuskure da faɗin rumfuna biyu ko uku. Mita 8 kuwa ta isa ta mayar da mai gaskiya mai laifi, ta sa a ɗora wa wani biyan diyya ko gyaran abin hawa.

Saboda haka sarakunan tasha da shugabannin ƴan kasuwa da ake kira sasanta irin wannan rigima, yana da kyau su riƙa tambayar mai shaida abu uku: ina kake tsaye, ina kake kallo kafin ka ji ƙarar, kuma ka ga haɗuwar ko ƙarar ce ta sa ka waiwaya? Da yawa in aka bi su a hankali za su ce ƙarar suka fara ji. Sannan a duba sawun taya a ƙasa da inda ƙarfe ya lotsa, domin su ba su da kunnen da zai ruɗe su.

Ga ɗan kasuwa kuwa, abin kiyayewa kaɗan ne. Cire abin kunne kafin ka taka kwalta. Kada ka dogara ga gefen ido, juya kai ka dubi abin hawa sosai, dama da hagu, ko da ba ka ji motsin komai ba. A inda ƙarar injin niƙa da lasifikar masu talla suka cika wuri, ka ɗauka kunnenka ba ya aiki, ka ƙara haƙuri. Yaran da ake aike ƙetaren hanya su ma a koya musu haka. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.